Abin da aka tattauna kan canza ƙwan fitilar birki na motar Porsche 911

Na bi maganganun 'yan'uwa tun daga farko, ga abin da na tsinta.

1. Kowa ya yarda a fara duba fiyus. In fitilun birki duka suka mutu lokaci guda, da wuya laifin ƙwai ne. Sau da yawa makunnin da ke jikin fedar birki ne.

2. Shekarar motar ta fi komai muhimmanci. Tsofaffin suna da ƙwai mai wat 21 da ake murɗewa a cire. Daga samfurin 2009 fitilun baya LED ne, wato ƙananan fitilu da ke haɗe da gidan fitilar, babu ƙwan da za ka canza.

3. Injin 911 a baya yake, don haka a bari ya huce. A shimfiɗa tsumma kan bamba kafin a zaro gidan fitilar, kada fenti ya karce. A ja a hankali, robar gidan fitilar tana tsagewa, kuma tsadarta ba wasa ba.

4. Inda aka rabu: wasu sun ce a sa ƙwan LED a gurbin tsohon, wasu suka ce kwamfutar mota za ta riƙa nuna matsala. Ni ina tare da na biyun.

5. Kafin ka ɗaure sukurori, wani ya taka maka birki ka gani da idonka.