Lissafin lanƙwasar bim: ina na kauce?

Ɗan aji biyu: Assalamu alaikum manyanmu. Wani lissafi ne ya hana ni barci. Bim ce, wato dogon kankaren da ke kwance yana ɗaukar nauyin gini, mai tsawon mita 6 zaune kan ginshiƙi biyu, an shimfiɗa mata nauyin 10 kN (kilonewton, ma'aunin nauyi) a kowace mita, ga kuma wani nauyin 12 kN a mita 2 daga hagu. Ana neman lanƙwasa mafi tsanani. Na ɗauko wL²/8, fomular shimfiɗaɗɗen nauyi (L shi ne tsawon bim), na samu 45, na ɗauko Pab/L, fomular nauyin wuri ɗaya, na samu 16, na haɗa suka ba ni 61 kNm (kilonewton-mita, ma'aunin lanƙwasa). Malaminmu ya ja masa jan biro kawai, bai ce uffan ba.

Tsohon injiniya: Wa'alaikumus salam. Ɗana, fomulolinka ba su yi ƙarya ba, wurin haɗa su ne ka yi tuntuɓe. 45 ɗin nan a tsakiyar bim take, mita 3. Ita kuwa 16 a ƙarƙashin nauyin take, mita 2. Ta yaya za ka tara abin da ba wuri ɗaya suke ba? Ajiye haddar nan tukuna. Fara da abin da kowane ginshiƙi ke ɗauka: na hagu 38 kN, na dama 34. Tara su ka gani, 72 ne, daidai da duk nauyin da ke kan bim ɗin. In ba su yi daidai ba, kada ka matsa gaba.

Mai zanen gini: Bari in ɗora a kan maganar Baba. Ƙanina, zana ƙarfin yanka, wato ƙarfin da ke neman yanke bim a kowane wuri, kafin komai. Daga 38 yana sauka goma-goma a kowace mita, a mita 2 ya koma 18, nauyin 12 ya sauke shi zuwa 6, sai ya ƙare a mita 2.6. Inda ya taɓa sifili, nan lanƙwasa ta fi tsanani. Lissafa faɗin abin da ke ƙarƙashin zanen: 56 da 1.8, ka samu 57.8 kNm ke nan.

Ɗan aji biyu: Ikon Allah! Na gode Yaya. Amma ai 61 ta fi yawa, ke nan ba haɗari?

Mai zanen gini: A nan ba haɗari, amma maki ya tafi. Kuma wanda bai san inda lanƙwasa ta fi ƙarfi ba, a ina zai san ya yanke rodi?

Ɗan kwamfuta: Ni dai shawarata a sauke manhajar Ftool. Wani malami a wata jami'a ta Rio de Janeiro ne ya ƙirƙiro ta, ka zana bim, ka ɗora nauyi, nan take ta fito maka da zanen. Ko ka shirya wa kanka tebur a Excel.

Tsohon injiniya: Manhaja ba laifi, amma bayan takarda da biro. Da ƙuruciyata na taɓa ɗura wa kwamfuta tsawo a milimita, nauyi kuma a kN kan mita. Amsar da ta ba ni, ko gada ba ta kai haka ba, ni kuwa na kwafe na kai wa ogana. Kallon da ya yi mini har yau ban manta ba. kNm ɗaya Nmm (newton-milimita) miliyan ɗaya ne, a rubuta a manna a bango.

Malamar lissafi: Ba wanda ya tuna nauyin bim ɗin kanta? Kankare mai rodi kan kai 24 zuwa 25 kN a kowace mita kubik, saboda haka bim mai 230 da 450 milimita tana ɗauke da kusan 2.5 kN a kowace mita tun ba a aza mata komai ba. Sannan ku lura da L²: in tsawo ya ninka biyu, lanƙwasar shimfiɗaɗɗen nauyi huɗu take ninkawa. Don ido ya gani, a ɗora rula kan littattafai biyu a danna tsakiya. Ƙasanta ne ke miƙewa, samanta na matsewa, shi ya sa manyan rodi ke kwana a ƙasa.

Ɗan aji biyu: Na sake yi daga ɓangaren dama, 57.8 ta sake fitowa. Malama, to in bim ɗin ta zarce ginshiƙi ta yi rataye fa, har yanzu rodin a ƙasa zai zauna?