Yaye a wannan zafin, mi kuke ba su?

Uwar biyu, Birnin Kebbi:
Salamu alaikum 'yan uwa, ɗiyata ta cika wata 20 ina son yaye ta amma ko kunu ta ƙi sha sai nono, ga zafin garin nan, surukata ta ce in kai mata ita Argungu sati guda ta manta, ni kuma wallahi zuciyata ba ta iyawa, da dare ma sai ta lalubo ni take barci. Mi kuka gani?

Wata daga Jega:
Wa alaikumus salam. Ki bari zafi ya sauka 'yar uwa, shekara 2 ne cikar shayarwa ai, ba gaggawa. Ki fara rage na rana tukun, ki dama kunun gyaɗa da garin waken suya, ki zuba a kofi mai kala ki sha a gabanta, da kanta za ta ƙwace.

Kaka, Yauri:
'Yata kai ta wurin kakarta, haka muka yi namu. In za a ba ta kifi dai, a cire ƙaya sosai.

Wata daga Zuru:
Hajiya a yi haƙuri, yanke nono rana ɗaya yana sa yaro rama. In gudawa ta kama ta ki ba ta ORS (ruwan gishiri da sukari) da maganin zinc ki tafi asibiti, kar ki ce haƙori ne.