Wa ke da Hausar "métabolisme"? Gobe da safe nake shiga iska

Mai shirin noma: Salamu alaikum. Ina da shiri a rediyo kan salatin da ake nomawa cikin "serre", inda mutum ke iko da zafi da haske da ruwa. Serre na ce rumfar shuka. "Métabolisme", wato aikin da ke gudana cikin jikin shuka don ta rayu ta girma, shi ne ya tsaya mini a wuya. So nake masu garka su gane salati ɗan sanyi ne, digiri 15 zuwa 20. Zafi na yin yawa sai ya miƙe ya fid da fure, ganyen ya yi ɗaci. In haske ya gaza kuma, nitrat ɗin taki ya taru a ganye bai sarrafu ba.

Ɗan Zango: Narkewar abinci.

Malamar kimiyya: A'a ƙanena, narkewa ta mai tumbi ce. Ganye haɗa sukari yake da haske da ruwa da iska, ya kuma ƙone shi don ya rayu. Dare mai zafi ya fi ƙona shi. Sarrafa abinci ya fi kusa.

Mushe mai ritaya (tsohon malamin makaranta): Girkin ciki! Shekara da shekaru da ita nake koyarwa. Ganye madafa, rana wuta. Wuta ta yi yawa girki ya yi ɗaci, ta yi kaɗan ya fito ɗanye. Ga nitrat ɗinki nan, ɗiyata.

Baƙo daga Kano: Ku fara gyara "salati" tukuna. Latas ake cewa.

Ɗan Zango: Latas ɗin kakanka ne ya raɗa ta? Taku ta Ingila, tamu ta Faransa. Je ka garkunan Mirya ka nemi latas mu gani.

Baƙo daga Kano: Mu dai muke buga littattafan.

Mushe mai ritaya: Ku bar wannan. Girkin ciki fa?

Malamar kimiyya: Baba, mai saurare zai zaci maganar ƙwannafi ake. Ni rumfar ma ban gamsu ba: rumfa buɗe take, serre a rufe. Turawa sun gina ta don tsare ɗumi. Rufe salati cikin leda a bazarar Damagaram, kafin azahar ya zama miya.

Mai shirin noma: Na gode. Na ɗauki sarrafa abinci, girkin Baba zai shiga a matsayin misali. Rumfa ta zauna, lokaci ya ƙure.

Mushe mai ritaya: Misali kawai? To. Ki dai faɗe ta sau biyu.