Tsamin bakin 'yata: in gyara mata ko in ƙyale ta?

Assalamu alaikum iyaye. 'Yata watanta 26, baki ya buɗe, amma mu 'yan gida kaɗai ke gane ta. Ruwa "luwa" ne a wajenta, kare "tale", takalmi "takami". Duk namijin da ta gani Baba ne, farin wata kuwa in ya fito sai ta ce "an tunna wuta". In tana son ɗauka sai ta miƙo hannu ta ce "in ɗaute ti". Yayyenta sun mai da abin wasa, kowa yanzu "luwa" yake cewa. In riƙa gyara mata ne? Kuma yaushe abin ke zama na damuwa?

Malamar nazare:
Wa alaikumus salam Maman yarinya. Ki lura da kyau, kuskurenta a tsare yake: kare ya koma "tale", kunna ya koma "tunna", ki ya koma "ti". Da bayan harshe ake furta "k", ita kuwa "t" da kan harshe, kuma gaban baki ya fi wa yaro sauƙin sarrafawa. Yawanci wannan kan wuce kafin shekara 3 da rabi. "R" ita ce mai taurin kai, takan kai shekara 5 ko 6 ba ta zauna ba. A "takami" kuma baƙaƙe biyu ne suka haɗu a tsakiya, ta yar da ɗaya.

Kada ki tsare ta da "ce ruwa, sake faɗa". Yaron da ake yawan tsarewa rage magana yake yi. In ta ce "luwa", ki amsa da "ruwa kike so? Ga ruwa mai sanyi." Ta ji daidai sau biyu, kin kuma ƙara mata kalma. Ki durƙusa ta ga bakinki. In kin yi tambaya ki ƙirga biyar a zuci kafin ki amsa mata, manya mun cika gaggawar cike wa yaro magana.

Kakar yara:
Yayyen nan dai a tsawatar musu, 'yata. Dariya ba laifi ba ce, amma in kowa na cewa "luwa", a bakin wa za ta ji "ruwa"? Haka in ta kwaso zagi, kada wanda ya dara ko ya zabura. Abin da ya tara mata jama'a shi za ta yi ta maimaitawa, kuma gaban baƙi za ta zaɓa.

Malamin harshe:
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai kunnen yaro kan riga bakinsa. Ki ce mata "ga luwa", ba mamaki ta ɓata rai ta ce "a'a, luwa!", don a jinta ruwa take cewa, ke ce kika yi kuskure.

"In ɗauke ki" kuwa daga bakinki ta kwashe shi ɗungurungum, a zatonta sunan ɗauka ke nan. "Ni" da "ke" suna sauyawa da mai magana, shi ya sa suke rikita yara zuwa wajen shekara 3. Ki sa yayarta ta ce "Mama, ɗauke ni" a gabanta, ki ɗauki yayar. Kiran kowa Baba ƙarancin kalmomi ne, tana shimfiɗa wadda take da ita a kan duk abin da ya yi kama. Ki saurari na gaba: ranar da ta gano mota motoci, taga tagogi, za ki ji doki ya zama "dokoki", jirgi "jirgogi". Ci gaba ne, ta daina hadda ta fara ƙera kalma da kanta.

Ma'aikaciyar jinya:
'Yar'uwa, ga ma'aunin da ake dubawa. A wata 24 ana sa ran kalmomi kusan 50 da haɗa biyu, irin "Baba tafi". "Luwa" kalma ce cikakkiya in kullum ruwa take nufi, kuma in harshe biyu ake yi a gidan, haɗa su ake a ƙirga. Baƙo kan gane kusan rabin maganar ɗan shekara 2, kashi uku cikin huɗu a shekara 3, kusan duka a shekara 4.

A kai yaro asibiti in ya kai wata 18 ba kalma ko ɗaya, in ba ya nuni da yatsa ko waiwayowa in an kira sunansa, ko ya cika shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba. Wanda ya daina faɗin kalmomin da ya iya, ba a jira ko wata nawa yake. A fara da gwajin ji, domin ruwa kan taru a bayan dodon kunne bayan mura, ba zafi ba zazzaɓi, sauti ya riƙa zuwa masa a dushe. In'ina tsakanin shekara 2 zuwa 5 takan zo ta wuce, in ta haura wata 6 ko yana runtse ido yana yunƙuri a duba shi. Waya da talabijin kada su wuce awa ɗaya a rana, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ke nan ga 'yan shekara 2 zuwa 4.

Maman 'yan biyu:
Ki kuma rubuta kalmomin nata yau, rana ɗaya za ki wayi gari "tale" ya zama kare. Kwanan wata, watanninta, yadda ta furta sak, da abin da take nufi. Muryar kuma ki naɗa ba ta ga wayar ba, in ta gani shiru za ta yi ta kai hannu. Littafin nan zai yi amfani in likita ya tambayi kalma nawa take da su.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Na ƙirga sun haura 50, tana kuma haɗa biyu. Saura yayyen.