Abin da muka fitar a zaman Tudun Wada kan haɗarin hanya

Mun zauna da direbobi, 'yan acaɓa da wata nas, kan haɗurran hanyar Kaduna zuwa Zariya. Nas ɗin ta fi tsayawa kan jini: a samu ƙyalle mai tsabta a danne raunin da ƙarfi, kada a ɗaga ana leƙawa. Ta roƙi a daina zuba toka ko man birki a ciwo.

Wanda ake zargin ya karye a wuya, kada a finciko shi. Kada a ɗura wa sumamme ruwa, yana iya shaƙewa.

A kira 122, lambar jami'an kiyaye haɗurra, ko 112, lambar kiran gaggawa ta ƙasa.

Abin da ya fi damuna shi ne tsoron 'yan sanda da ke hana mutane kai wanda ya ji rauni asibiti, alhali dokar 2017 ta wajabta wa asibiti karɓar ko da wanda aka harba ne ba tare da jiran takardarsu ba.