Wa ya taɓa cin karo da ƙaton kifin bakin titi?

Ɗan Kawo: Salam jama'a. Satin da ya wuce na raka oga Legas, muka bi ta Epe, kawai sai ga wasu kifaye biyu jibga-jibga an kafa su a mahaɗar titi, wlh sai da na roƙi direba ya rage gudu in ɗau hoto. Ashe garin masunta ne. Akwai wanda ya taɓa ganin irinsu?

Maman Biyu: Ai naka wasa ne ƙanena. Lokacin da muka kai Hajiyarmu asibiti Hyderabad a Indiya, hanyarmu ta zuwa masauki akwai wani gini sukutum siffar kifi, ofishin hukumar kiwon kifi ta ƙasarsu ne, a 2012 aka buɗe shi, idanun kifin tagogi ne, mutane na ciki suna aiki abinsu. Hajiya da ko magana ba ta son yi saboda jiki sai ga ta tana dariya wai waɗannan kullum a cikin kifi suke wuni, ita dai ƙissar Annabi Yunus (AS) ta faɗo mata. Ranar ce ta fara cin abinci sosai, shi ya sa ban manta ginin ba.

Injiniya U/Rimi: Ni na Basalona na gani, aikin mai zanen gine-gine Frank Gehry na gasar Olamfik ta 1992, tsawonsa mita 56. Gaskiya bai burge ni ba, ba ido ba baki, ragar ƙarfe ce kawai mai ruwan gwal, sai rana ta haska shi yake ɗan kyau.

Bakabe: Ku dai ku zo Argungu ku ga na gaske, giwan ruwa da ƙarti ke fitowa da shi daga kogin Matan Fada da homa da gora, tun 1934 ake bikin nan. Na ƙarfe a ci shi da me?

Baba Alhaji: Ni dai yarana raina bai kwanta da sassaƙa mai rai ba, gara a dasa itatuwa mu samu inuwa.

Ɗan Kawo: Allah ya ƙara girma Baba, an ji. Amma da za a yi mana a nan Kaduna ai kada ya kamata ba kifi ba, tunda daga shi sunan garin ya fito.

Maman Biyu: Rufa min asiri, kadan wurin shaƙatawa na Gamji ma da autana ya gani kwana biyu bai yarda ya shiga banɗaki shi kaɗai ba.