Baƙaƙen tabo a zoben azurfa bayan rufin rodiyam

Assalamu alaikum. Ina yi wa zobba rufin rodiyam (wani farin ƙarfe mai ƙyalli da tsada) da lantarki. Na farar zinariya suna fitowa fes, amma na azurfa 925 (mai kashi 92.5 cikin ɗari na azurfa) sun gagare ni.

Da zarar na ciro su daga ruwan rodiyam, sai in ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo a wurin da aka yi walda da kuma ƙarƙashin dutse, sauran jikin kuma ya yi toka-toka. Ruwan rodiyam ɗin yana kan digiri 40, anod ɗina (ƙarfen da wuta ke shiga ruwan ta cikinsa) titaniyam ne mai rufin filatinam. Na rage wuta daga bolt 4 zuwa 3, na rage lokaci zuwa daƙiƙa 30. Na sake goge zobban, na cire maiƙo da lantarki, na ɗauraye da tataccen ruwa a kowane mataki. Tabon yana nan.

Abin da ya fi tayar min da hankali, ruwan kansa ya fara duhu, ga shi da tsada. Ina zargin asid ɗin cikinsa ne ke cin azurfar da waldar. Shimfiɗa ƙarfen nikel kafin rodiyam kuwa ba na so, saboda yana sa wasu ƙaiƙayin fata.

Don Allah, in na fara shimfiɗa ƙarfen faladiyam kafin rodiyam, zai hana wannan tabon? Na gode.